Malamin da Ya Huta, Ya Ci Amana Ne?

An daɗe ana cewa ladan malamin makaranta yana sama. An faɗi haka domin girmama aikin, amma sau da yawa maganar takan zama tsumagiyar da ake kora malami da ita har ya faɗi. Tambayarmu ita ce: idan malami ya gaji, ya rufe littattafan yara ya huta, son kai ya yi, ko kuwa wani hakki ya sauke?

Bari mu fara auna kayan da ke kansa. Tun 1976, da aka buɗe shirin ilimin firamare ga kowa, yara suke ƙaruwa fiye da malamai. A 2019 Gwamnatin Jihar Kano ta mai da karatun firamare da sakandare kyauta kuma dole, a 2024 kuma ta kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma duk wanda ya leƙa ajin ƙauye ya san sau da yawa an wuce haka nesa ba kusa ba. Bayan cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin hawa babur ma ya shiga cin albashi.

A ƙauyukanmu na ƙasar Rano da Kibiya, irin su Unguwar Gai, aikin malami ba ya ƙarewa da ƙararrawar tashi. Da damina gona tana jiransa, domin albashi ba ya kai wata. Shi ne mai cika wa maƙwabta takardu, shi ne magatakardan kwamiti, sau da yawa kuma shi ne mai karatu a Misa da mai koyar da waƙa. Malama kuwa, in ta dawo, ga tukunya, ga rijiya, ga goyo.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin gajiyar da matsin aiki mai tsawo ke haifarwa, ta ba ta alamu uku: ƙarewar ƙarfi, sanyin zuciya ga aikin, da raguwar ƙwazo. Alama ta biyu ita ce abin tsoro. Malamin da a dā ya san sunan kowane yaro, yanzu hayaniya kawai yake ji. Bulala ta yi kusa da hannunsa, haƙuri ya yi nisa. Yaron da bai gane ba ya daina tambaya, wata rana kuma ya daina zuwa. Ashe wanda ke biyan kuɗin gajiyar malami, ɗalibinsa ne.

Saboda haka muke cewa hutun malami wani ɓangare ne na amanar da aka ba shi. Manomi ba ya barin shanun huɗa cikin karkiya har rana ta take, ba don tausayi kaɗai ba, sai don ya san gobe ma akwai huɗa. Littafin Fitowa, sura 18, ya nuna yadda Musa yake zaman shari'a daga safe har yamma, sai surukinsa Yetro ya gargaɗe shi cewa zai gajiyar da kansa da jama'ar duka, ya ba shi shawara ya raba aikin. Musa bai ɗauki wannan raini ba, ya karɓa.

Wani zai ce wannan magana za ta ba rago mafaka. Gaskiya ne akwai mai barin aji ranar kasuwa, akwai mai tura yara gonarsa. Amma bambancin a fili yake: mai hutu yana ajiye aiki domin ya dawo da ƙarfi, rago kuwa yana gudun aikin ne, ya bar wa abokinsa aji biyu. Hutun da ya halatta shi ne wanda ba a sato shi daga lokacin yara ba.

To, malam, yanka wa kanka lokacin rufe littafi da dare, abin da ya rage gobe ma rana ce. Kada ka shiga aji da yunwa. Da hunturu, ga ƙura ga garin alli, ka riƙa shan ruwa, ka rage ɗaga murya, domin maƙogwaro shi ne fartanyarka. Ka sami abokin aikin da za ka buɗe wa ciki. Idan ciwon kai da rashin barci suka daɗe, je asibiti a auna hawan jini, gama jiki magayi ne. Burkutu da ƙwaya ba sa kashe gajiya, rance suke bayarwa da ruwa mai tsada. Ka kuma koyi cewa, “Ku yi haƙuri, wannan ba zan iya ba.” Faɗin haka tawali'u ne, domin mai ganin kome zai rushe in babu shi, girman kai ya fara shigarsa.

Sauran maganar tamu ce, jama'ar Ikilisiya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Rashin adalci ne mu ce wa malami ya huta, sa'an nan mu ɗora masa kowane taro na ranar Lahadi. Matasan da ya koyar sun iya karatu, a ba su littafin kwamiti. Zumuntar Mata ta tuna da malama mai jego. A yi wa gonar malami gayya kafin ciyawa ta ci ta. Iyaye su je makaranta da godiya, kada sai da ƙara kaɗai. Mu kuma haɗa murya wajen neman hukuma ta ƙaro malamai, ta biya su kan kari.

Allah ya ba malamanmu lafiya, ya ba mu zuciyar rage musu kaya. Amin.