Ruwan Da Ke Ƙarƙashin Gona, Na Wane Ne?

Ƙasar Ɓaure tana gabas da Daura, ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar. Ƙasa ce mai rairayi, damina gajera, rani kuwa dogo. Amma ko cikin tsananin bazara akan tarad da waɗansu wurare kore shar, inda goriba da giginya da ɓaure suke tsaye, tsuntsaye da ƙudan zuma suna ta zirga-zirga. Abin da ke raya su shi ne ruwan da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa. Gawo ma shaida ne, gama yana kakkaɓe ganye da damina, ya yi toho da rani, domin saiwarsa ta kai ga wannan ruwa.

Tun wajen shekarar 1993, da Gwamnati ta soma Shirin Fadama da taimakon Bankin Duniya, rijiyoyin burtsatse da injunan ban ruwa suka yawaita a Arewa. Noman rani ya bunƙasa, mutane da yawa suka huta da tafiya cin rani. Sai dai in abin da injuna suke zuƙa ya fi abin da damina take mayarwa, ruwan sai ya yi ta nutsewa, har saiwar itace ta kāsa kai gare shi.

To, manomi yana iya cewa gonar tasa ce ta gado, shi ya haƙa rijiyar, shi ya sayi injin, ga kuma iyali suna jiran tuwo. Maganarsa tana da nauyi. Amma ruwan ƙasa bai san iyakar gona ba. Wanda ya zurfafa rijiyarsa, ta maƙwabcinsa ita ce ke fara ƙafewa, sa'an nan mashayar makiyayi ta bi, sa'an nan itatuwa. Saboda haka ne Shari'a ta sanya ruwa da makiyaya cikin abubuwan da jama'a suka yi tarayya a kansu, ta kuma yi umurni da tausaya wa dabba, wadda ba ta da bakin kai ƙara.

Ba shi yiwuwa a tsare kowane daji a lokaci guda, tilas a zaɓi wanda za a fara da shi. Hankali ya nuna a fara da inda rai ke fakewa ranar wahala. A farin 1973 da na 1984, fadamu ne suka riƙe sauran dabbobi sa'ad da tudu ya ƙone. Dausayin Haɗejia da Nguru kuwa ya isa ishara. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da shi, take kuma cika rijiyoyin kewaye, ta ragu ƙwarai, masunta da makiyaya suka ji a jikinsu.

Maganin abin shi ne awo da yarjejeniya. Mutanen gari su riƙa auna zurfin rijiyoyinsu da igiyar guga kowace bazara. In sun ga ruwa yana ja da baya, su taƙaita ban ruwa, su hana haƙa kusa da tafki, su bar saran itatuwan bakin fadama. Manoman Magariya, can ƙetaren iyaka, sun bar gawo ya sake tsirowa cikin gonakinsu, kuma sun ga amfaninsa ga gero da dabba. Gona dai mallakar mai ita ce, amma ruwan da ke ƙarƙashinta amana ce a hannunsa, kuma za a tambaye shi yadda ya bar ta ga na baya.