Linzamin da Ba Shi da Igiya

Ranar da na fara aiki da linzamin kwamfuta marar waya, ina tura shi bisa tebur kibiya tana biye da shi a allo, alhali babu abin da ya sada su sai siginar rediyo da ido ba ya riska, sai mas'alar sababi ta faɗo mini a rai, wadda Imamu Gazali ya yi bahasinta, har ya tafi a kan cewa ƙonewar auduga yayin haɗuwa da wuta al'ada ce Allah Ya gudanar, ba wajibin hankali ba. Ashe da can igiyar ce ta ruɗe ni, nake zaton na gane sirrin motsin. Jiya da azahar batir ya mutu, hannu yana ta kai da komo, kibiya kuwa ko gezau.