Iska Ta Wace Ce?

Rediyo mafi sauƙi ba ya bukatar batir. A naɗa siririyar wayar tagulla a jikin bututun kwali, a sa diyod guda da abin ji na kunne, a ɗaura doguwar eriya a kan itace, a kafa wata waya cikin ƙasa mai laima. Ƙarfin da tasha ta aiko shi ne ke motsa muryar. A kewayen Paraku abin ya ƙara sauƙi tun 2008, shekarar da Trans World Radio ta buɗe babbar tasha kusa da garin, mai ƙarfin kilowat 100 a matsakaicin zango. Yaron da ke zama wajen masu gyaran rediyo a gefen kasuwar Arzeke, yana tsintar kayan matattun akwatuna, zai iya haɗa shi da yammacin rana ɗaya.

Har nan babu mai gardama. Amma hannun da ya iya wannan ba ya tsayawa. Da taransista ɗaya ko biyu, da ƙaramin makirufo, da batir mai bol 9, yaron zai haɗa na'urar da ke aika muryarsa cikin rediyon FM na maƙwabta. Dā kunne ya ƙera, yanzu ya ƙera baki. Tambayarmu ke nan, mai karatu: iya haɗa abu yana ba mutum ikon amfani da shi?

Wanda ya ce i yana da hujja, kuma tarihin Benin yana bayansa. Daga 1972, sa'ad da Mathieu Kérékou ya karɓi mulki, baki ɗaya ne ke magana a iska, wato na gwamnati. Da aka watsa Taron Ƙasa na Fabrairun 1990 kai tsaye daga Kwatano, mutane suka ji ana faɗa wa masu mulki gaskiya a gabansu, ƙasar kuwa ta canja. Sai a 1997 doka ta buɗe ƙofa ga tasoshi masu zaman kansu, a ƙarƙashin hukumar HAAC. Ɗan zangon Jugu, wanda kakanninsa suka bi hanyar fataken goro daga Kano zuwa Gwanja, yana iya cewa: izini na masu kuɗi ne, ni kuwa Hausa da Dandanci nake so in yi da unguwarmu.

Duk da haka ban yarda da shi ba, ko da yake zuciyata tana wajensa. Mai sauraro ba ya rage wa kowa kome. Mutum dubu su kama tasha guda, ba ta raguwa. Mai watsawa kuwa wuri yake ci. FM daga megahaz 87.5 ne zuwa 108, daga nan sai zangon jiragen sama ya fara. Na'urar da aka haɗa a zaure takan zame daga mazauninta idan ta yi zafi ko batir ya yi sanyi, ta danne tashar da tsohuwar maƙwabciya ke jiran sanarwar rasuwa a cikinta. Yaron ba zai sani ba, gama shi muryarsa kaɗai yake ji. Iska kamar rijiyar unguwa take: kowa ya ɗiba, amma ba kowa ke wanki a cikinta ba.

Kada kuma a ɗauka takardar izini tana wanke mutum. Tashar RTLM ta Ruwanda, wadda ta fara aiki a 1993, ba yara suka haɗa ta da tarkace ba. Manya ne masu kuɗi da daurin gindi, a 1994 kuwa ta riƙa kiran sunayen waɗanda za a kashe. Kotun Arusha ta hukunta wasu daga cikin shugabanninta a 2003. Hukuma tana raba wuri a iska. Abin da za a zuba a wurin yana wuyan mai magana.

Saboda haka uban da ya kama ɗansa da irin wannan na'ura kada ya fasa ta. Ya sa shi ya gajarta eriya har muryar ta tsaya a bakin katangar gida, ya kai shi wajen maigidan gyara ya koyi auna mazaunin tasha. In yaron ya nace, tasoshin al'umma na Jugu da Paraku suna da injinan da ke lalacewa, mai gyaransu kuwa ba a ko'ina ake samunsa ba.