Shi Kaɗai a Shago

Karatu: Fitowa 31:1-17

Ƴan'uwa cikin Almasihu, akwai wani tela a ikkilisiyarmu mai aikin zare a wuyan riga. Daga safe har dare shi kaɗai ne a shago, daga shi sai keke. Ana saura mako ɗaya Kirsimeti na leƙa gaishe shi, na tarar idanunsa sun yi ja wur, kwanon tuwon da matarsa ta aiko tun rana yana nan a rufe. Ya ce mini, "Fasto, kwana biyar ban buɗe Littafi ba, yanzu ko sallama aka yi raina ɓaci yake." Gajiya ce ta cinye shi, ga shi babu wanda zai ce masa ya isa haka.

A karatunmu na yau, Ubangiji ya kira Bezalel ɗan Uri, na kabilar Yahuza, ya cika shi da Ruhunsa domin aikin zinariya, azurfa, tagulla, da sassaƙar dutse da itace. Ashe gwanintar hannu kyautar Allah ce. Amma ku lura da abu biyu. Bai bar shi shi kaɗai ba, ya haɗa shi da Oholiyab na kabilar Dan. Sa'an nan daga aya ta 12 sai ga dokar ranar hutu. Aikin alfarwa ne fa, aikin Allah kansa, duk da haka ba a yarda masu yinsa su tsallake hutu ba. To, balle wuyan riga?

Ɗan'uwa, ko kai baduku ne, ko ke mai saƙa ce, tun da ba mai tsai da kai, sai ka kafa wa kanka ƙananan al'adu. Ka share shago, ka karanta ayoyi kaɗan, ka yi addu'a kafin ƙafarka ta taɓa keke. In abinci ya zo, ka ci shi da zafinsa. Da la'asar ka fita ka gaida maƙwabci. Ka sa lokacin rufewa, kada kuma ka karɓi aikin da zai cinye maka Lahadi, ko da mai shi ya ƙara kuɗi. Ni ma da nake shirya wannan shiri a ɗaki ni kaɗai, wannan na rufewa ne ya fi ba ni wuya.

Addu'a: Ya Uba, ka tuna da masu aiki su kaɗai yau. Ka sa albarka ga hannuwansu, ka ba su barci mai daɗi. A cikin sunan Yesu, amin.