Almajiran Birni da Almajiran Yesu

A shekarar 2011 wasu almajirai tara na Kano suka shirya fim da kansu, mai suna Duniya Juyi Juyi. Labarin Aminu ne, yaron da aka kawo birni daga ƙauye domin karatun allo, ya sha zagi da wulaƙanci a gidan da yake yi wa aikatau. Irinsa muke giftawa kullum a lungunan cikin ganuwa.

Kada mu ce wannan lamarin maƙwabtanmu Musulmi ne kaɗai. A Bisharar Markus sura 10, waɗanda suka kori yara daga wurin Ubangijinmu almajiransa ne, sunan da mu ma muke amsawa. Yarinyar da muka ɗauko daga ƙauye tana yi mana wanke-wanke, yaushe rabonta da makaranta?