Batirin da ke cikin agogon roba: ƙaddara ce ko sakaci?

Ranar Sallah, kafin a gama saukowa daga idi, masu tallan kayan wasa sun riga sun baza haja a bakin titi: balan-balan, usur, agogon roba mai walƙiya, bindiga mai harba 'yan ƙwallaye. Yaro na riƙe da goron sallarsa, ba mai hana shi saye. Zuwa la'asar abin ya karye, guntayen sun watsu a tsakar gida, kuma ƙaninsa mai rarrafe ne zai riga kowa isa gare su. Shi kuwa ɗan ƙasa da shekara uku, duk abin da hannunsa ya kama baki zai kai.

Idan tsautsayi ya auku, magana ɗaya ce a bakin masu jaje: ƙaddara ce, sai haƙuri. Ba su yi ƙarya ba, kuma babu mai hankalin da zai tsaya a kan uwa tana kuka yana lissafa mata kurakuranta. Inda gizo ke saƙa shi ne a ɗauki maganar da aka tanada don rarrashi bayan musiba, a mai da ita hujjar rashin kula tun kafin musibar ta zo.

Magabata ba haka suka fahimci ƙaddara ba. A shekara ta 18 bayan hijira, Sayyidina Umar ya nufi Sham, sai labari ya tarye shi a hanya cewa annoba ta ɓarke. Da ya yanke shawarar juyawa, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Umar ya nuna masa cewa juyawar ita ma cikin ƙaddarar Allah take, ya buga misali da makiyayi mai zaɓi tsakanin gefen kwari mai ciyawa da gefen da ya bushe. Tirmizi kuma ya ruwaito labarin mai raƙumin nan da aka umarce shi ya fara ɗaurewa kafin ya yi tawakkali. Akwai ma hujjar da ba a cika kawowa ba: aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure. Da faɗin "ƙaddara ce" yana wanke mutum tas, da ba a ɗora wa wanda bai yi niyya ba komai.

Ba wasan ne abin zargi ba. Nana A'isha tana da 'yan tsana a ɗakinta, har da doki mai fukafukai, kuma Manzon Allah (SAW) dariya ya yi da ya gan shi. Amma shi ne dai ya hana harba tsakuwa da yatsu, a hadisin Abdullahi ɗan Mugaffal da Buhari da Muslim suka kawo, bisa dalilin cewa ba ta kashe abin farauta, sai dai ta tsone ido ko ta karya haƙori. Duk wanda ya karanta wannan ya dubi danƙo da bindigar ƙwallayen roba, ba ya buƙatar dogon sharhi.

Haɗarin yau ya fi tsakuwa ɓuya. Ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo, wanda ke sa agogon roba da takalmin yara walƙiya, idan ya maƙale a hanyar abinci ba ya toshe numfashi, shi ya sa ake yaudaruwa. Yaro zai riƙa dalalar da miyau, ya ƙi abinci, a ce haƙori ne. A ciki kuwa miyau ya haɗa wutar batirin, ana samun sinadari mai cin nama irin sodar da ake haɗa sabulu da ita, kuma cikin awa biyu ƙunar kan yi muni. A ƙarshen 2020 wata yarinya 'yar wata 18 a jihar Texas ta Amurka ta rasu ta wannan hanyar. Mahaifiyarta ba ta tsaya a makoki ba, ta matsa har aka sa hannu a wata doka a 2022 da ta tilasta a yi wa ma'ajin irin wannan batiri murfin da yaro ba zai iya buɗewa ba.

Maganaɗisu ma haka. Guda biyu in aka haɗiye, sukan manne da juna ta tsakanin hanji har su huda shi. A 2007 kamfanin Mattel ya janye miliyoyin kayan wasa daga kasuwa saboda maganaɗisu masu ɓallewa da fenti mai gubar dalma. Mutanen Zamfara sun san dalma da sunanta: a 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, yara na wasa a ƙurarsa. Mace-macen ba su ragu ba sai da aka gano sanadin, aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka shiga ba da magani.

Nauyin kuma ba na uwa kaɗai ba ne, ko da yake ita ake fara harara. Ɗan kasuwar da ya shigo da kaya masu arha yana sane fentinsu na ɓarewa a hannu, da hukumar SON da aka ɗora wa duba ingancin kaya, da uban da ya miƙa kuɗi bai duba ba, kowa da rabonsa na amana.

Abin da ake buƙata bai kai wahalar ɗaure raƙumi ba. A duba ko murfin batiri yana da noti. A kwashe fasasshen balan-balan nan take, don yana mannewa a maƙogwaro ya ƙi fita. A raba kayan wasan manya da na masu rarrafe. Idan kuma ana zargin yaro ya haɗiyi batiri, kada a sa shi amai, kada a jira gari ya waye. In ya haura shekara ɗaya, a ba shi zuma ƙaramin cokali biyu duk bayan minti goma a kan hanya, a wuce asibiti kai tsaye a nemi hoton ƙirji.

Limamai kuma, don Allah, a sa wannan magana cikin huɗubar Juma'ar da ke gaban Sallah, tun kafin 'yan talla su baza haja.