Ɗana Mai Walda, Ka San Awon Wutarka

Ɗana, kai da ka kama sana'ar walda a Ɗan Isa, matso ka ji. Akwai ɗabi'ar da ta zama ruwan dare a shagunanku: da aiki ya taru, sai a murɗe inji har ƙarshe don sanda ta narke da wuri a sallami mai kaya. Ina so ka bar wannan, kuma zan gaya maka dalili, don kada ka ce tsoho ya cika mita.

Wutar lantarki, kafin ta kai bakin sanda ta yi tartsatsi, ta cikin wayar da ke tsakiyar sandar take bi, kuma wayar tana ɗaukar zafi tun daga inda ka matse ta. Zafin nan ba a hankali yake hawa ba. In ka ninka wuta sau biyu, zafin da wayar ke sha sau huɗu yake ninkuwa. Shi ya sa kake ganin sanda ta yi jawur tun ba ka ci rabinta ba, ɓawonta yana farfashewa yana zuba. To ɓawon nan ba ado ba ne. Shi ke fid da hayaƙin da ke tsare narkakken ƙarfe daga iska. In ya ƙone kafin lokacinsa, iska ta samu ƙofa, walda ta fito da 'yan ramuka a cikinta, gefen ƙarfen kuma ya zaizaye. In wutar ta gaza, sanda ta dinga mannewa, ƙarfen ya hau sama ya zauna bai ratsa ba. Wannan ta biyu ta fi mugunta, domin a ido kyakkyawa ce, sai an ɗora kaya take tona asirinka.

Kada ka ɗauka damuwar ƙananan shaguna ce kawai. A masana'antun da ke haɗa bututun mai da gas akwai wata dabara da aka fito da ita a Amurka cikin shekarun 1960, waldar waya mai zafi. Waya ce tsirara, ba ɓawo, gas ɗin argon ke tsare aikin. Wani inji daban ke ɗumama ta har ta kusa narkewa kafin ta shiga inda ƙarfe ya narke, saboda haka aiki yana sauri ba tare da an dafe bututun ba. Amma in zafin wayar ya wuce kima, takan tsinke tun ba ta isa ba, ta watsu. In bai kai ba, sai ta tokare. Don haka suke auna ƙarfin wuta, da saurin tafiyar waya, da tsawon da ta leƙo daga bakin inji, su rubuta, kuma ba mai taɓa su da ka. Ba na jin irin injin nan zai iso Ɗan Isa nan kusa. Amma masu injin miliyoyi ma ba sa cinke, bare kai da janareta mai tari.

Awon naka yana jikin kwalin sanda da kake yagewa ka kunna wuta da shi. Sandar da kuke kira geji 12, mai kaurin milimita 2.5, tana son amfiya wajen 60 zuwa 90. Geji 10, mai milimita 3.2, wajen 90 zuwa 130. In injinka na naɗin hannu ne da ba shi da lamba, yi abin da mai tuyar ƙosai ke yi: takan ɗiga ɗan ƙulli a mai ta gani kafin ta cika kasko. Ajiye guntun ƙarfe mai kaurin aikin da ke gabanka, ka ja layi a kansa, ka ɓamɓare, ka duba. In yaronka ya kunna injin yanka a kan janareta ɗaya da kai, wutarka ta sauka, ka dakata. Wayar da aka yi wa ƙulli goma da leda, da matsen da ya kama tsatsa, su ma suna shanye wuta a hanya.

Da damina ka ɓoye sandunanka inda laima ba ta kaiwa, domin jiƙaƙƙen ɓawo ramuka yake haifarwa. Da hunturu, ƙarfe mai kauri da ya kwana a waje yana zuƙe zafi da sauri, ka ɗan gasa shi kafin ka fara. Kuma don Allah ka daina kwara wa walda ruwa tana ja. Sanyin gaggawa yana sa ta ƙeƙashe ta tsage.

Ka tuna wa kake yi wa aikin. Amalanken da ka ɗinke wa gatari, kaya zai ɗauka zuwa kasuwar Shinkafi ran Alhamis, kuma da yaro a kai. Garmar shanu in ta karye a tsakiyar huɗa, manomi ya yi asarar ruwan da ba ya jira. Ƙofar ƙarfe kuwa, ka fi ni sanin halin rashin tsaron da ƙasar Zurmi da Shinkafi da Ƙaura ke ciki: magidanci ya tsuke bakin aljihunsa ya biya ka ne don iyalinsa su kwana a bayanta. In ka ɗisa walda nan da can ka rufe da fenti, ka ci amana, ko da ba wanda ya gani.

Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tana nan Ƙauran Namoda tun 1983. In ka haɗu da wanda ya karanci aikin injiniya a can, ka ajiye girman kai ka tambaye shi lissafin wuta, shi ma zai ƙaru da hannunka. Yaran da ke ƙarƙashinka kuma, ɗana, kada ka ba ɗayansu aikin mutane sai ya iya faɗa maka wutar da kowace sanda ke ci. Allah ya yi maka albarka.